Tunawa da Mantuwa: Inda Ƙwaƙwalwa ke Ajiye Harshe

Duk wanda ya zauna a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ya sha ganin wannan: mutum biyu suna hira da Hausa tsantsa, sai ɗaya ya ce wa ɗaya, "Ba ni lambarka." Nan take harshe ya juya. Lambobi takwas na salula su fito da Faransanci, bibbiyu-bibbiyu, sannan a koma Hausa kamar ba abin da ya faru. Har wanda bai yi nisa a makarantar boko ba yakan yi haka. A ajin nazarin harshe da al'umma mukan kira wannan sauya harshe a tsakiyar zance, mu kawo dalilai na tarihi da na matsayin Faransanci a ƙasa. Dalilan gaskiya ne. Sai dai wani ɓangare na amsar yana cikin ƙoƙon kai, kuma shi ne ya ja ni ga rubuta wannan maƙala.

Kafin mu shiga ɗakin gwaji, mu saurari Hausar kanta. Wanda ya ce "na manta sunansa" da wanda ya ce "sunansa ya kwanta mini" ba abu ɗaya suka faɗa ba: na biyun yana da'awar sunan yana nan, hanyar kai wa gare shi ce ta toshe. "Na sha'afa" kuwa na nufin hankali ne ya tafi wani wuri. Muna cewa "na tuna ranar da na fara zuwa Tawa", amma "na san Tawa", amma "na iya keke". Ba mai cewa ya tuna keke. Aikatau uku ke nan, tuna da sani da iya, kuma binciken ƙarni na ashirin ya nuna cewa kowannensu yana da nasa tsari a ƙwaƙwalwa, har ɗaya yana iya rushewa ya bar sauran a tsaye. Ga ɗalibin kimiyyar harshe abin ya fi haka muhimmanci, domin harshe yana tsaye ne a kan tsare-tsaren nan duka a lokaci guda.

Ajiya ta ɗan lokaci

Idan aka faɗa maka lamba ba ka da abin rubutu, me kake yi? Kana maimaita ta a zuci har ka sami biro. A shekarar 1974 masana biyu na Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, suka bayyana wannan a matsayin wani sashe na abin da suka kira ƙwaƙwalwar aiki, wato ɗan fagen da muke riƙe abu muna sarrafa shi. Sashen da ya shafe mu muna iya kiransa zagayen sauti: ƙaramar ma'ajiya ce wadda sauti ke dusashewa a cikinta cikin kimanin daƙiƙa biyu, sai kuma muryar zuci da ke sake zuba shi kafin ya ɓace. Hotunan ƙwaƙwalwa sun fi nuni da cewa ma'ajiyar tana ɓarin hagu, sama da kunne ta baya, maimaitawar kuwa tana dogara da yankin Broca, wanda muka sani tun daga rahoton Paul Broca na 1861 a kan majinyacin nan na Faris da ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya.

An daɗe ana cewa mutum yana riƙe abu bakwai, da ƙarin biyu ko ragin biyu, bisa maƙalar George Miller ta 1956. Daga baya Nelson Cowan ya rage adadin zuwa wajen huɗu idan aka hana mutum maimaitawa. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da Baddeley da abokan aikinsa suka gano a 1975: jerin gajerun kalmomi ya fi jerin dogaye sauƙin riƙewa. Ashe lokacin furtawa ne ma'auni. Abin da bakinka zai iya faɗa cikin daƙiƙa biyu, shi ne kusan abin da za ka riƙe.

Wannan yana da sakamako ga harsuna. A yankin Wels na Birtaniya an lura cewa yara masu harshen yankin suna samun maki ƙasa da na yaran Amurka a gwajin maimaita lambobi, gwajin da ke cikin ma'aunin basira. A 1980 Ellis da Hennelly suka nuna dalili: sunayen lambobi a harshen Wels sun fi na Ingilishi ɗaukar lokaci a baki, kuma mutum ɗaya mai harsunan biyu yana riƙe lambobi kaɗan da harshen Wels, da yawa da Ingilishi. Ƙwaƙwalwar yaran lafiyarta lau. Ma'aunin ne ya zalunce su.

To, mu ƙirga namu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara: kowace gaɓa biyu ce, kuma wasu gaɓoɓin masu nauyi ne. Na Faransanci, daga *un* zuwa *neuf*, gaɓa ɗaya-ɗaya ne a maganar yau da kullum. Lambobi takwas da Hausa gaɓa goma sha shida ke nan, sun zarce abin da zagayen sauti ke ɗauka cikin sauƙi. Ba zan ce wannan kaɗai ne ya sa muke ba da lamba da Faransanci ba. Faɗar lamba bibbiyu ba kullum take rage gaɓoɓi ba (97 da Faransanci gaɓa biyar ce), amfaninta shi ne tana mai da abu takwas dunƙule huɗu. Ga kuma sabo na makaranta, ga rikicin lissafin dala, inda "ashirin" a kasuwa ke nufin tamma ɗari. Amma tsawon kalma yana cikin lissafin, kuma abu ne da ake iya aunawa.

An tabbatar cewa wannan ajiya daban take da ta dogon lokaci ta hanyar majinyata. Wani Bature da ake kira K.F., wanda Shallice da Warrington suka ba da rahotonsa a 1970, ya ji rauni a ɓarin hagu a hatsarin babur. Lamba biyu kawai yake iya maimaitawa, amma yana koyon sabon abu yana riƙe shi kwana da kwanaki. Wata mata a Italiya, P.V., ta sami irin wannan lahani bayan bugun jini. Da aka ba ta kalmomin Italiyanci bibbiyu ta haɗa, ta koya kamar kowa. Da aka haɗa mata kalmar Italiyanci da fassararta ta Rashanci, sai ta kasa ko da ɗaya. Daga nan aka fahimci ainihin amfanin zagayen sauti: shi ne ke riƙe baƙon sauti na ɗan lokaci har ya sami wurin zama. Da shi jariri ke koyon kalmomin uwarsa, da shi kuma ɗan shekara bakwai ke kokawa da Faransanci a ajin farko.

Mutumin da gobe ba ta iso masa ba

A shekarar 1953, a garin Hartford na Amurka, wani likitan fiɗa mai suna William Scoville ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 27 aiki a ƙwaƙwalwa. Sunansa Henry Molaison, amma duniyar kimiyya ba ta san shi da komai ba sai H.M. har ranar da ya rasu a watan Disamba na 2008. Farfaɗiya ce ta hana shi aiki da zaman lafiya, magunguna kuma sun gaza. Scoville ya cire masa wani yanki daga can cikin sashen gefen kai, hagu da dama. A cikin abin da aka cire akwai babban kaso na hifokamfus, wani lanƙwasasshen nama mai tsawon ɗan yatsa wanda aka ba sunan wani ƙaramin kifi da Girkawa ke kira dokin teku, da amigdala wadda ke da hannu a tsoro da motsin rai, da ɓawon da ke kewaye da su.

Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar Henry bai sake ajiye sabon labari ba. Brenda Milner, wadda ta zo daga Montreal ta gwada shi, ta tarar da mutum mai ladabi, mai basira daidai da ta kowa, yana hira yana raha. Idan ta fita ɗaki ta dawo bayan ƴan mintoci, sai ta sake gabatar da kanta. Yakan ci abinci ya manta ya ci. Yakan karanta mujalla ɗaya sau da yawa, kowane karo sabuwa ce a gare shi. Ta taɓa ba shi lamba 584 ya riƙe. Ya riƙe ta minti goma sha biyar ta hanyar juya ta a zuci, amma da aka ɗauke masa hankali kaɗan, lambar ta tafi, har ma bai san an ba shi wata lamba ba. Zagayen sautinsa lafiya yake. Gadar da ke tsakaninsa da ajiya mai ɗorewa ce ta karye. Suzanne Corkin ta yi shekara 46 tana aiki da shi, bai taɓa sanin ko ita wace ce a zahiri ba; yakan zaci wata ce da suka yi makaranta tare.

Sai Milner ta ba shi wani aiki: ya bi layin zanen tauraro da fensir, ba tare da ya ga hannunsa ba sai ta madubi. Kowa yana fama da wannan da farko. Henry ya yi kwana uku yana yi, kurakuransa suna raguwa kullum har ya gwanance, alhali kowace safiya yana cewa bai taɓa ganin aikin ba. Hannu ya iya, mai hannun bai tuna ba. Wannan sakamako na 1962 shi ne ya raba ajiyar da ake iya faɗa da baki da ajiyar gwaninta. Ta biyun tana dogara da wasu curarrun jijiyoyi da ke gindin ƙwaƙwalwa da kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, wuraren da wuƙar Scoville ba ta taɓa ba. Shekara goma bayan haka Endel Tulving ya sake raba ta farkon gida biyu: tuna abin da ya faru da kai a wani wuri da wani lokaci, da sanin abubuwa wanda ba ya ɗauke da ranar da aka koye shi. Ga "tuna", ga "sani", ga "iya".

Yaya harshensa? Nahawunsa bai taɓu ba, kalmomin da ya sani kafin 1953 suna nan, yana ma son wasan cike gurbin kalmomi na jarida. (Wani masani, Donald MacKay, ya yi jayayya cewa akwai ƴan kurakurai a ginin jimlolinsa, amma rinjayen masana yana ga cewa harshensa lafiyayye ne.) Abin da ya gagara shi ne sababbin kalmomi. Waɗanda suka shigo Ingilishi bayan fiɗar, ko an yi ta koya masa ma'anarsu, ba sa zama. Ƙamusunsa ya tsaya a 1953, sai ɗan abin da ya tsinta da ƙyar cikin shekaru masu yawa, kamar sunayen wasu fitattun mutane da fasalin gidan da ya koma bayan aikin. Darasin a fili yake: hifokamfus ƙofa ce da sabuwar kalma ke bi ta shiga, amma ba a can take zama ba.

A taƙaice, ga abin da ke faruwa a jiki. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyar 86, kowace tana haɗuwa da dubbai. Koyo shi ne sauyin ƙarfin waɗannan mahaɗai. Donald Hebb ya yi hasashen haka a 1949, Bliss da Lømo suka gan shi a hifokamfus na zomo a 1973. Hifokamfus tana ɗaure ɓangarorin abin da ya faru wuri ɗaya, da murya da fuska da wuri, sannan ta yi ta sake kunna su, musamman a cikin barci, har ɓawon ƙwaƙwalwa ya iya riƙe su da kansa. Ɗalibin da ke kwanan zaune daren jarrabawa, ashe, yana zuba hatsi ne yana hana a rufe rumbu.

Ƙamus da nahawu

Idan kalma ba a hifokamfus take zama ba, ina take? A warwatse take: sautinta a kusa da yankin ji, yadda ake furta ta a sashen goshi, kamannin abin da take nufi a yankunan gani. Amma akwai matattara a gaban sashen gefen kai, kuma akwai cutar da ke cin wannan wuri kaɗai, wadda Elizabeth Warrington ta siffanta a 1975. Ana iya kiranta zaizayar ma'ana. Mai ita yana magana tiryan-tiryan, jimlolinsa daidai, yana tuna abin da ya yi jiya, amma ma'anoni suna zubewa daga na musamman zuwa na gama-gari. Da Bahaushe ne, da an nuna masa raƙumi ya ce doki, bayan shekara ya ce dabba, daga bisani ya ce abu. Kishiyar Henry ke nan: ƙofa a buɗe, kayan ciki ne ke ruɓewa.

A kan irin waɗannan shaidu Michael Ullman ya gina ra'ayin da ya fi shafar sashenmu. A ganinsa ƙamus na zuci yana zaune a kan ajiyar sani, ƙa'idojin nahawu kuwa a kan ajiyar gwaninta, wato haɗa ɗafi da saiwa ɗan uwan tuƙa keke ne. Shi da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1997 cewa masu cutar Alzheimer sun fi tuntuɓe a aikatau na Ingilishi marasa bin ƙa'ida, waɗanda dole a haddace su, masu cutar Parkinson kuwa, wadda ke taɓa curarrun jijiyoyin nan na gindin ƙwaƙwalwa, sun fi tuntuɓe a masu bin ƙa'ida. Ba kowa ya yarda ba; akwai masu cewa tsari ɗaya ya isa ya bayyana duka.

Ni a ganina Ingilishi ya yi wa wannan muhawara kaɗan, domin rabonsa gida biyu ne kawai. Jam'in Hausa ya fi shi wadata nesa ba kusa ba. Muna da wanda dole a haddace: mace da mata, sa da shanu, ɗa da ƴaƴa. Muna da azuzuwa fiye da goma a tsakiya: riga da riguna, malami da malamai, gida da gidaje, sarki da sarakuna. Muna kuma da wanda ke karɓar baƙi, irin na taga da tagogi, wanda ya ba mu motoci da lambobi da tayoyi. A ƙirƙiri kalmar da babu ita, a ce "zalta", a tambayi mutum jam'inta. Idan ya ce "zaltoci", ya yi aiki da ƙa'ida biyu a lokaci guda, ta ninka baƙin ƙarshe da ta ganɗantawa, kuma ba daga hadda ya ɗauko ba tunda bai taɓa jin kalmar ba. Tambayar da ta rage ita ce azuzuwan tsakiya: "riguna" ana gina ta ne ko ana ɗauko ta? Yadda mai lahani a ƙwaƙwalwa ke kuskure a kansu zai faɗi abin da aikatau na Ingilishi ba zai iya faɗa ba.

Hadda, da abin da ba ta bayarwa

A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kansa da gaɓoɓi marasa ma'ana masu tsarin baƙi-wasali-baƙi. Ya gano cewa mantuwa tana da gaggawa a sa'o'in farko sannan ta lafa, kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Binciken baya-bayan nan ya ƙara da cewa jawo abu daga ka ya fi sake duba shi a takarda ƙarfafa shi. Duk wanda ya zauna a tsangaya zai yi murmushi. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya da ka, kuma izu sittin ba su zauna wa gardi sai da tilawar dare da ta asuba, yana komawa baya a kai a kai. Tsarin ya dace da yadda ƙwaƙwalwa ke aiki.

Sai dai a yi hattara da cewa hadda tana buɗe kai gaba ɗaya. Sylvia Scribner da Michael Cole sun gwada wannan a cikin al'ummar Vai ta Laberiya, suka wallafa a 1981. Waɗanda suka yi karatun allo sun fi sauran a gwajin da ake ƙara kalma ɗaya-ɗaya a kan jeri, wato irin yadda suka saba koyo, amma ba su fi kowa ba a sauran gwaje-gwajen tunawa. Gwaninta tana zama a inda aka horar da ita.

Akwai kuma gargaɗi ga masu fita tattara bayanai a karkara. Tunawa sake gini ce kowane karo, kuma tambaya tana shiga cikin ginin. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai hoton hatsarin mota, suka tambaye su saurin motocin, suna sauya aikatau ɗaya kawai. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar "ragargaje" sun faɗi sauri fiye da waɗanda aka tambaya da mai ma'anar "buga". Bayan mako guda, 16 cikin 50 na rukunin farko suka ce sun ga fasasshen gilashi, 7 cikin 50 na rukuni na biyu suka ce haka. Babu gilashi a hoton. Wanda ya tambayi dattijo "yaya aka kore ku?" da wanda ya tambaye shi "yaya kuka tashi?" ba lalle su komo da tarihi ɗaya ba.

Idan ajiya ta fara zuba

A 1901 aka kawo wata mata ƴar shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya lura da harshenta: idan kalma ta ɓace mata sai ta kewaya, ta kira kofi da abin zuba madara. Bayan rasuwarta a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta ya ga dunƙule-dunƙulen wani furotin a tsakanin ƙwayoyin jijiya da wasu zarurruka a cukurkuɗe a cikinsu. Cutar da ke ɗauke da sunansa takan fara ne daga hifokamfus da kewayenta, shi ya sa tsohuwa za ta ba ka labarin aurenta dalla-dalla amma ta tambaye ka sau biyar ko ka ci abinci. Daga baya sunaye su fara ɓacewa, "abin nan" da "wane" su yawaita. Tsarin sauti da ginin jimla su ne ke jurewa har kusan ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da gigin tsufa iri-iri, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfin arziki, kuma Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70.

Ba ita kaɗai ba ce. Hawan jini yana toshe ƙananan hanyoyin jini ya kawo nasa gigin, mataki-mataki. Ciwon Korsakoff yana zuwa daga ƙarancin bitamin B1, galibi ga mashaya giya, amma har ga mai tamowa ko mai cikin da amai ya yi wa yawa. Mai shi yakan cike gurbin abin da ya manta da labarin da bai faru ba, kuma ba ƙarya yake yi ba, ya gaskata abin da yake faɗa. A yankinmu sai a ƙara da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da faɗuwa daga kabu-kabu ba hular kwano. Wasu dalilan kuwa suna warkewa sarai: ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, baƙin ciki mai tsanani, wasu magunguna, har da kurumta, domin abin da kunne bai kama ba ƙwaƙwalwa ba za ta ajiye ba. Wannan ne ya sa kiran kowace mantuwa "tsufa" ko "sammu" yake da tsada. Mafi muni, tsohuwar da ke fita da dare tana sambatu a wasu wurare maita ake jingina mata.

Ga mai harsuna da yawa, wanne ke fara tafiya? Théodule Ribot ya kafa ƙa'ida a 1881 cewa sabon abu ke riga tsoho ɓacewa, wato harshen uwa ne zai saura. Albert Pitres ya ce a 1895, game da waɗanda magana ta ɗauke musu bayan bugun jini, harshen da aka fi amfani da shi kafin ciwon ne ke fara dawowa. An ga majinyatan da suka bi kowace ƙa'ida, an ga waɗanda ba su bi ko ɗaya ba, kuma mafi yawa harsunansu tare suke farfaɗowa. A ƙasar da tsohon ma'aikaci ke iya tashi da Zabarmanci, ya yi kasuwa da Hausa, ya yi aiki da Faransanci, ya yi salla da Larabci, gwada shi da harshe ɗaya tamkar leƙa ɗaki ɗaya ne a ce an ga gida.

Nan ne aikin ya dawo kanmu. Gwajin da likitoci suka fi amfani da shi a duniya, wanda Folstein da abokansa suka fitar a 1975, maki 30 ne. Yana tambayar kwanan wata da shekara da yanayi, ya ce a riƙa cire bakwai daga ɗari, a karanta umarni a bi, a rubuta jimla, a kwafi zane da fensir. A kai wannan ga manomi ɗan shekara saba'in a ƙauyen Tasawa. Ya san yau saura kwana biyu kasuwa, ya san watan Rajab ne, ya san an shiga ɗari, amma takardar tana neman kwanan watan Bature da ɗaya daga yanayi huɗu na Turai. Lissafinsa da dala yake yi. Bai taɓa riƙe fensir ba. Zai faɗi gwajin da ƙwaƙwalwa lafiyayya, kamar yaran Wels. Ɗan boko kuwa da cutar ta fara ci yana iya haye shi. Masu binciken da suka kwatanta tsofaffin Ibadan da na Indiyanafolis tun daga shekarun 1990 sun fuskanci wannan matsala, suka tsara gwajin da ke haɗawa da tambayar wani na kusa da majinyaci, suka kuma maye gurbin zane da jera tsinkayen ashana.

Fassara kaɗai ba za ta wadatar ba. Jerin kalmomin da za a ba mutum ya riƙe dole a daidaita yawan gaɓoɓinsu, da nauyin gaɓa, da karin sauti, da yawan aukuwarsu a magana, a kuma tabbatar kalmar da aka saba da ita a Damagaram ba baƙuwa ba ce a Adar. Likita ba shi da horon wannan. Mu ke da shi. Matakin farko ma bai fi ƙarfin kundin digiri ba: a sami masu Hausa da Faransanci talatin ko arba'in, a auna da agogon salula daƙiƙa nawa kowannensu ke ɗauka ya furta jerin lambobi da kowane harshe, sannan a auna lamba nawa yake iya maimaitawa ba kuskure, rabinsu a fara musu da Hausa, rabi da Faransanci.